Gaurakan da Bai Ƙifta Ba

Ina da ƙorafi a kan masu ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, irin waɗanda ke saukowa daga manyan birane da kyamara mai dogon baki, su ɗan kwana a ƙauye, su koma gida a yi ta tafa musu. Ban yafe musu ba, kuma kada wani ya zo ba ni haƙuri. Ni ma da kyamara nake cin abinci, ba za a ce jahiltar aikin na yi ba.

Sunana Yagana. A Fagge aka haife ni, amma iyayena mutanen ƙasar Nguru ne. Ina da ɗan shagon hoto na mata zalla, ina kuma shiga gidajen biki da suna inda ba a barin namiji ya leƙa. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na koyi karatu, saboda haka yadda nake magana haka nake rubutu.

Ga abin da ya fitar da ni. Duk labulen da amare ke tsayawa a gabansa a shagona, Baba Nduka ne ya zana shi. Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Ya zana mini dutse mai ƙanƙara, ya zana mini lambun furanni, ya zana mini wani bene da ya ce na Dubai ne, duk daga kalanda yake kwafowa. Bana hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma a kan hanya yake. 'Yarsa Chinyere ta taso daga kudu ta ce kafin Kirsimeti za ta tafi da shi.

Ranar da na je dubiya na tarar da shi ya manna fuska a jikin wata kalanda. Hoton gauraka ne a tsaye cikin ruwa, rana tana faɗuwa a bayansa, an rubuta a ƙasa wai fadamar Nguru.

"Hajiya, nan ba garinku ba ne?"

Na ce garin uwata ne. Na ba shi labarin yadda Inna ke cewa suna yara gauraki ke tashinsu da asuba, kuma har rawa suke yi bibbiyu a bakin gonakin shinkafa.

Sai ya ce, "Tunda na kama buroshi nake zana ƙanƙarar da ban taɓa gani ba, ban kuma san wanda ya gani ba. Labule ɗaya ya rage a idon nan. Ki je ki gano mini tsuntsun nan a dajinsa, ki ɗauko da hannunki. In ke kika gani, kamar ni na gani."

"Baba, ka ɗauka nan da Bata ne?"

"Ke da kike korar 'yan adaidaita daga ƙofar shagonki da tsintsiya, tsuntsu ne zai gagare ki?"

Na yi masa alkawari. Ni kuwa ba na yin alkawari sau da yawa.

Daga Fagge zuwa Haɗeja

Ina idar da sallar asuba na rufe gida. Lokacin kaka ne, ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. Na naɗe kyamara a cikin zani na cusa a tsakiyar jaka, na tari adaidaita sahu a bakin titi. Kantin Kwari ba a buɗe ba tukuna, sai masu shayi ke hura wuta, da 'yan dako a kishingiɗe a kan diloli. Muka bi ta Bata muka miƙe titin Haɗeja har tashar 'Yankaba.

Motar da na samu ƙarama ce, amma yadda aka loda mu kai ka ce buhunan gero ne. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani. Na yi magana, direba ya ce in je in tambayi gidan mai. Ba mu tashi ba sai da rana ta fito sosai, saboda ana jiran mutum ɗaya da bai zo ba har muka haɗa muka biya kujerarsa.

Muka wuce Gezawa, muka wuce Ringim. A Gujungu direba ya tsaya wai zai sha ruwa, ya tafi ya ci tuwo. A nan na saba da wadda ke kusa da ni, wata 'yar kasuwa mai sarin bandar kifi, za ta Haɗeja. Ta tambaye ni biki za ni ko gaisuwa. Na ce tsuntsu za ni nema.

"Wane iri?"

"Gauraka."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Baiwar Allah, ai kin baro su a baya. Na ƙarshe da na gani a gidan wani Alhaji ne a Kano, yana cin dawa kwano ɗaya da talo-talo."

Na ce ni na daji nake nema. Ta ce Allah ya ba da sa'a, irin faɗin da ake yi wa wanda aka san ba zai samu ba. Ta sayi awara ta raba mana, muka ci ba mu ƙara tayar da zancen ba. Kafin azahar muka shiga Haɗeja.

Haɗeja zuwa Nguru

Na yi sallah a tasha, na ci shinkafa da wake da mai da yaji, na hau wata tsohuwar bas da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Muka bi ta Malam Madori muka nufi Birniwa. Shingen jami'ai a hanyar nan ban ƙirga ba. Yawancinsu direba yake miƙa hannu ta taga mu wuce. Amma a wanda ke gab da shiga Yobe aka ce kowa ya sauko da jakarsa.

Wani soja ya kwance zanina, ya ga kyamara, fuskarsa ta canja.

"'Yar jarida ce ke?"

"Mai hoton amare ce."

"A dajin nan za ki samo amaryar?"

Na ce tsuntsu zan ɗauka. Ya kira abokinsa suka yi dariya. Sannan ya ce in kunna ya ga abin da ke ciki. Na ce ba zan kunna ba. Akwai hotunan kamun da na ɗauka a makon, matan mutane ne babu mayafi, sun yarda da ni ne saboda ni mace ce.

"Hajiya, don Allah ki nuna masa mu tafi," in ji direba. "Rana tana yi."

"Matarka ce a ciki da za ka ba da izini?"

Aka tsaya cirko-cirko. Fasinjoji suka fara zagina ƙasa-ƙasa. Can babbansu ya fito daga rumfa, dattijo ne, ya ji ba'asi. Ya ce in cire katin in riƙe a hannuna, su duba kyamarar kawai. Suka jujjuya ta, suka leƙa ta baki, suka miƙo mini. Har muka isa Nguru ba wanda ya yi mini magana a motar, ni ma ban nemi kowa ba.

Bakin ruwa

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, dangina ne a ciki. Daga Nguru ɗan acaɓa ya ɗauke ni bayan la'asar, muka yi ta kutsawa cikin yashi da taɓo har inda hanya ta ƙare. A nan Modu yake jirana da kwalekwale. Ɗan Kawu Bukar ne, ƙanin mahaifiyata, wato taubashina. Rabona da shi tun rasuwar Inna. Ya yi furfura, ya rame, amma bakin yana nan.

"Ga baiwata ta iso! Wa ya ce ki zo hannu rabbana? Ina tsarabar ubangidanki?"

"Bawa ba ya tambayar tsaraba. Ɗauki jakar nan, kuma in ta jiƙe sai na sayar da kai a Kwari."

"Wa zai saye ni? Ko kifi ya daina kula ni."

Na ɗauka wasa yake. Muna shiga ruwa na gane ba wasa ba ne. Inna ta ce mini tafkin garinsu in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Abin da na gani ciyawa ce, doguwa, ta fi mutum tsawo, ta rufe gabas ta rufe yamma. Kachala suke kiranta. Wata 'yar siririyar hanya aka sare a tsakiya, kwalekwale yana gogar ciyawar hagu da dama, Modu yana tura mu da gora. Babu iska. Sauro tun rana ba ta faɗi ba ya fara aiki.

Da magariba muka isa. Kawu Bukar ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji. Matarsa Ya Falmata ta rungume ni tana kuka, ta ce fuskar Inna ce sak. Aka kawo burabusko da miyar kuka da ɗan busasshen kifi, ta yi ta ba ni haƙuri a kan ƙanƙantar kifin. Da na faɗa wa Kawu abin da ya kawo ni, sai ya ajiye cokali.

"Gauraka? 'Yar nan, rabona da jin kukansa tun kafin ciyawar nan ta cinye mu."

"Baba ba ya fita ne," in ji Modu da sauri. "Akwai. Masu hoto suna zuwa har daga Abuja da Legas, ni nake kai su. Sai dai a yi haƙuri, ba kaza ba ce."

Ya Falmata ta tashi ta shiga ɗaki.

Cikin kachala

Kwanakin da suka biyo baya duk iri ɗaya ne. Mu fita da sassafe, mu dawo rana ta ƙone mu. Na ga balbela, na ga zalɓe a tsaye shi kaɗai, na ga 'yan agwagin ruwa sun tashi tun daga nesa. Na ɗauka, amma ba su aka aiko ni ba.

Abin da na fi gani mutane ne. Maza a cikin ruwa har ƙirji, da lauje, suna sarar kachala don ruwa ya samu hanyar zuwa gona. Wani ya fito ya zauna a gefen kwalekwalenmu yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa, jini yana bin ƙafar. Na tambaye shi in sun sare shi ke nan? Ya ce kafin wata ya zagayo ta dawo. Muka wuce wani tudu da bukkokin masunta, rufin duk ya rufta. Modu ya ce sun koma Cadi, wasu suna tura baro a Kano.

Da yamma tsuntsayen jan-baki ke fitowa daga cikin ciyawar, garke guda kamar hayaƙi, su sauka a kan shinkafar da ta kusa yanka. Mata da tsofaffi suna ta kaɗa gwangwani suna ihu har murya ta dushe. A wata kwana muka tarar da ruwa ya yi fari da matattun ƙananan kifi, da gawar zalɓe biyu a cikinsu, ga wani wari mai hawa kai. Modu ya ce wani ne ya zuba magani don jan-baki. Na ɗaga kyamara, ya ce, "Wannan kuma wa zai rataya a ɗakinsa?"

Chinyere ta kira ni a inda waya ke kamawa, kan wani tudu bayan masallaci. Ta ce Baba ya sa an ɗaure farin yadi a jikin katako, kullum sai ya shafa shi. Ta ce jiya ya zuba shayi a gefen kofi. "Anti, ki yi sauri. Idon yana gudu."

Na sauko na sami Modu na ce wasa ya ƙare, ko ya kai ni ko ya ce mini babu. Ya dube ni ya yi murmushi. "Kin sha rana ta ishe ki? To gobe da yamma. Akwai wani wuri da yake sauka."

Inda yake sauka

Washegari bai fita da ni da safe ba, ya ce zai je duba raga. Bayan la'asar ya ɗauke ni muka bi wata hanya da ban sani ba. Muka daɗe muna tafiya, sai ciyawar ta buɗe, ga wani fili na ruwa, sumul, rana ta sauko ta yi ja a kansa. Modu ya sa yatsa a baki.

Gauraka yana tsaye a tsakiyar ruwan. Doguwar ƙafa, dogon wuya, da wannan tukkun a kansa kamar an soka tsinkayen zinariya, rana tana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma na ji hawaye. Na ce a raina, Inna, ashe gaskiya kika faɗa.

"Daga nan za ki ɗauka," Modu ya raɗa mini. "Rana tana bayansa, haka manyan masu hoto suke so. Kada ki kunna fitila."

Na yi ta ɗauka. Ya fito kamar na kalanda, har ya fi. Tsuntsun baƙi wuluk, ruwa ja, tukku yana walƙiya. Na ce ya matsa da ni kaɗan, ya matsa da ƙyar. Haske yana ta raguwa. Ni kuwa aikina a ɗakunan amare nake yinsa, ɗakuna masu duhu, inda da zarar fuska ta fara dishewa babban yatsana ke buɗe fitila ba tare da ya tambaye ni ba. Haka yatsan ya yi. Na danna, wuta ta haske wurin fau.

Ƙananan tsuntsaye suka fashe daga cikin ciyawa ta ko'ina. Wani abu ya faɗa ruwa a bayanmu. Gauraka bai motsa ba.

Na daɗe ina haska fitilar nan a fuskar masu rai. Amarya tana ƙiftawa, jariri yana ƙiftawa, tsohuwa mai yana a ido ma tana ƙiftawa. Ragon suna ma zabura yake. Na duba bayan kyamara, na jawo hoton kusa, na ƙara jawowa har kan ya cika gilashin. Fatar idon a rufe take. An ɗinke ta da zare.

"Modu."

"Na ce miki kada ki kunna."

Na miƙa masa kyamara, na tattare zani na dira cikin ruwan. Ya kawo mini cinya, taɓo yana riƙe ƙafata. Da na matso tsuntsun ya ji motsi, ya yi wani gurnani a maƙogwaro, ya ja baya taku ɗaya ya tsaya cak. Na sa hannu a ruwa na lalubo igiya a ƙafarsa, na bi ta har turken da aka kafa a ƙarƙashi. Ya buɗe fiffike zai kare kansa. Ɗaya cikakke ne. Ɗayan an datse shi daga gaɓa, ya warke ya yi dungu.

"Na kalandar nan ma shi ne?"

"Wanda ya gabace shi ne. Wancan ya mutu."

"Kai ka ɗinke masa ido?"

"Haka na saye shi. Masu kawo su daga Cadi haka suke yi, don kada su yi ta dukan keji a hanya. In zaren ya ruɓe ina sabuntawa." Ya faɗa ne kamar mai bayanin gyaran raga. "In yana gani ba zai tsaya ba, Yagana. Zai yi ta fizga har ƙafar ta karye."

"Su masu hoton sun sani?"

"Wasu sun sani. Wasu ba sa tambaya. Akwai wanda ya ce in matsar masa da turken, wai ciyawa tana shiga hotonsa."

"To ni me ya sa ka yi ta yawo da ni a rana? Me ya hana ka kawo ni tun ranar farko?"

"In aka nuna wa mutum ranar farko ba ya yarda. Sai ya sha wuya, sauro ya cije shi, sannan hoton yake yi masa daɗi."

Na zage shi. Ba zagin taubasai ba, na gaske, wanda ban taɓa yi wa jinina ba. Ya tsaya da gorarsa yana ji har na gama. Sannan ya ce, "Kin ga kifin da kika ci a gidanmu? Saye na yi. Ni, ɗan masunta. Tsuntsun nan shi ke sayen maganin babana. Ke kina Kano kina ɗaukar amare a gaban ƙanƙara, akwai ƙanƙara a Fagge?"

 Har yanzu ina cewa ba ɗaya ba ne. Labulena ba ya jin zafi.

Ya kwance igiyar, ya naɗe tsuntsun a buhu kansa a waje, ya kwantar da shi a tsakaninmu. Haka muka koma.

Komowa

Da gari ya waye na ce da Ya Falmata ta ba ni reza. A wata bukka bayan gari ake ajiye tsuntsun. Ita ta riƙe kan, tana cewa ta sha faɗa masa ba kyau. Baƙin zare ne irin na kitso. Na yanke a hankali na zare. Idon hagu ya riga ya mutu, ya yi fari, ruwa yana fita. Na dama ya buɗe. Ya dube ni, ya dubi ƙofa inda haske ke shigowa, sai ya fara fizga yana dukan ƙasa da dungun fiffiken har ƙura ta cika bukkar.

Modu yana tsaye a bakin ƙofa. "Kin huce? In na sake shi, kafin dare dila ya cinye shi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai masu zuwa sati mai zuwa. Kina tafiya zan mayar da ɗinkin."

Na je na faɗa wa Kawu da ƙarfi yadda zai ji. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya kyauta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Modu ne dai ya fito da ni, don babu wani kwalekwalen. A bakin ruwa ya miƙo mini jakata ya ce, "Ki gaida Kano." Ban ce ya gaida gida ba. Acaɓa zuwa Nguru, bas zuwa Haɗeja, wata motar zuwa 'Yankaba. A shingen nan na shiga Yobe sojan ya gane ni, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, an samu amaryar?" Na ce an samu. Tayarmu ta fashe bayan Ringim, muka zauna a gefen titi har aka yi la'asar. Na shigo Fagge lafiya, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa Ya Falmata da ta ciyar da ni ta riƙe mini kan tsuntsun. Sauran ba ni da godiyar da zan yi musu.

Sabon Gari

Ko wanka ban yi ba na wuce wurin Baba Nduka, don na san yana ƙirga motsin kowane adaidaita. Na tarar da shi a cikin shagonsa, farin yadin a ɗaure ya cika bango, gwangwanayen fenti a jere a ƙasa. Chinyere ta manna wa kowanne ƙyalle daban don ya gane su da hannu.

"Na ji takunki. Kin gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

"Ba ni, ba ni."

Na kunna kyamara. Wanda ya fara fitowa cikin na faɗuwar rana ne, masu kyan. Ya karɓa da hannu biyu ya kai gilashin har kan hancinsa, yana karkata kai yana neman inda idon ke ɗan kamawa. Ya daɗe. 

"Chineke, Allahna. Dubi tsayuwa. Hajiya, dubi yadda ya natsu, ba ya tsoron kowa. Wannan shi ne mai gari a wurinsa." Ya share ido da bayan hannu. "Kin ji kukansa?"

"Ya yi gurnani."

"Ya tashi a gabanki?"

Na buɗe baki. Chinyere tana bayansa, ta riga ta karɓi kyamarar tana wucewa gaba, ta kai kan mai fitilar. Na ga ta tsaya. Ta jawo shi kusa kamar yadda na yi. Ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai a hankali.

"Duhu ya yi, Baba," na ce. "Ban ga tashinsa ba."

Ya ce ba komai, gobe da safe zai fara, in wanko masa babba. Ya yi ta lissafin ja da ruwan ɗorawa da zai haɗa. Rabon da a ji muryarsa haka tun kafin ciwon. Chinyere ta rako ni bakin titi ta kama hannuna.

"Anti, don Allah ki bar shi. Aikinsa na ƙarshe ne. In ya sani zai iya ajiye buroshin, kuma ba shi da wani lokacin. Me zai rage ki da shi?"

Na ce na ji. Na hau adaidaita. A Fagge an san ni da cewa magana ba ta kwana a cikina, amma wannan ta kwana. Na auna ta ta kowane gefe. In na yi shiru zai zana abu mai kyau, ya tafi da farin ciki, amare su yi layi a shagona. Amma mutumin nan bai aike ni neman abu mai kyau ba, yana da shi a kalanda. Cewa ya yi in gano masa. Ya ba ni aron amanar idonsa ne saboda nasa ya ƙare, ni kuma in mayar masa da abin da Modu ke sayar wa baƙi.

Da safe ina jiran mai wankin hoto a Bata tun bai buɗe ba. Na ba shi guda biyu. Na faɗuwar rana, da mai fitilar. Na ce na biyun kan kawai nake so, ya buɗa shi ya kai faɗin faranti. Ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ai ba zai yi kyau ba." Na ce ban tambaye shi ba.

Na tarar da Baba ya sa rigar aikinsa, yana juya jan fenti da tsinke. Chinyere ta ga ambulan biyu a hannuna, ta juya ta shige ciki.

"Baba, ajiye tsinken nan tukuna. Jiya ban gama ba ka labari ba."

Na zaunar da shi a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, na ɗora masa hoton mai fitilar a cinya. Na kama yatsansa na aza a kan idon. Na faɗa masa turken, na faɗa masa fiffiken, na faɗa masa wanda ya mutu kafin wannan. Ban rage komai ba. Na ce ga ɗayan nan ma na wanko, wanda ya ga dama ya zana, in ma ya fasa ba zan ce don me ba.

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa takardar. Fentin da ya haɗa ya fara yin fata a gwangwani, bai ɗago ba. Yatsan yana bin ɗinkin, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba na ganinsa sosai," ya ce. "Zaren, wane launi ne?"

Na ce baƙi ne, irin na kitso.